Yini ɗaya a Rodos: yadda za ka zaga tsohon birni a ƙafa, ka koma jirgi a kan lokaci

Jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zaga tsibiran Girka kan iso Rodos da safe, su ɗaga da yamma. Sa'o'i takwas zuwa goma ke nan a hannunka. Tun kafin a iso za a yi ta tallata maka yawon bas a cikin jirgi, amma in tsohon birnin kake son gani, riƙe kuɗinka. Tashar da mafi yawan waɗannan jirage ke ɗaurewa a gindin ganuwa take, daga tsanin jirgi zuwa ƙofar birni tafiyar minti goma ce ko ƙasa da haka. Abin da ke ɓata wa baƙi yini a garin nan shi ne fara zagaye ta gurguwar hanya: su faɗa ƙofar farko da suka gani, su maƙale a kasuwa, sai rana ta take sannan su nufi tudu, su tarar da layin sayen tikiti ya miƙe har waje. Tsarin da ke ƙasa juya wannan ya yi. A hau tudu da sanyin safiya, a gangaro kasuwa da hantsi, a ƙare yini kusa da ruwa inda ana hangen jirgi.

Kafin ka taka tsani

Maganar biza tun daga gida ake gama ta. Girka na cikin ƙasashen Shengen, rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai da bizar Shengen. Ga inda ake tuntuɓe: jirage da yawa a wannan teku suna ratsawa ta wata tashar Turkiyya, kamar Kusadasi, sannan su dawo Girka. Hakan fita ce daga Shengen da sake shiga, kuma biza mai shiga sau ɗaya ba ta ɗaukar wannan. Ka nemi mai shiga sau da yawa, ka haɗa da takardar da ta nuna tashoshin jirgin gaba ɗaya. In ba ta cika ba, tun a tashar farko ana iya hana ka hawa.

Sai agogo. A lokacin zafi Girka na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, a lokacin sanyi da awa 1. Turkiyya ba ta sauya agogonta, saboda haka daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris tana gaban Girka da awa guda. Gaɓar Turkiyya kuwa ga ta nan ana hangenta daga Rodos, har waya kan kama sabis ɗin can ba tare da ka sani ba, ta sauya maka lokaci, ta kuma ci maka kuɗin data da tsada. Ka kashe sauya lokaci na kai-tsaye a wayarka, ka saita ta da hannu daidai da agogon jirgi. Lokacin da aka rubuta a allon bakin tsani shi ne na rufe shiga, yawanci minti 30 kafin tashi. Ɗauki hotonsa. Ka kuma ɗauki hoton takardar shirin yini da ake sa maka a ɗaki, domin a jikinta ne ake rubuta suna da lambar wayar wakilin jirgi na tashar, mutumin da za ka kira in abu ya kwaɓe.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa: katin jirgi, fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da jirgin ya ce, katin banki, takardun yuro ƙanana da 'yan sulalla, gorar ruwa, hula ko laima. Mutum ɗaya na shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a irin wannan yini a Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke haura digiri 30, amma ba sai ka ɗauko duka ba. Akwai ƙananan rumfunan tireda da suke kira periptero, a nan ruwan gora ya fi araha.

Takalmi ya cancanci a tsaya a kansa. Lungunan tsohon birni an shimfiɗe su ne da tsakuwar bakin teku, mulmulalla, an kafa kowace a tsaye kamar haƙora. Kyau kam akwai shi. Amma silifa mai siririn ƙasa za ta sa tafin ƙafarka ya fara zogi kafin awa biyu, takalmi mai tsini kuwa yana shigewa tsakanin duwatsun, fatar takalmin fita biki kuma santsi take yi a kansu. Kambas mai kaurin ƙasa shi ne maganin wurin. Keken jarirai mai ƙananan tayoyi ma wahala yake sha, goyo ya fi shi.

Yadda garin ya kwanta

Ganuwar ta kai kusan kilomita 4 a kewaye, birnin da ke cikinta kuma yana kan gangare ne: teku a ƙasa ta gabas, fada a sama ta arewa maso yamma. Tituna biyu ne ƙashin bayansa, dukansu daga ƙasa suke hawa tudu. Na arewa shi ne Ippoton, titin barade. Na kudu da shi shi ne Sokratous, titin kasuwa. Ka hau ta na farko, ka sauko ta na biyu, ka gama da rabin aikin. In ka ɓata a lungu, kuma za ka ɓata don da yawansu ba su da allon suna, taswirar waya kuma ruɗewa take yi tsakanin dogayen bango, bi gangare kawai. Zai kai ka bangon bakin teku.

Sanin wanda ya gina me yana taimaka wa ido. Baraden Waliyyi Yohanna, ƙungiyar mayaƙan Kirista da ta faro a Ƙudus da aikin jinyar masu ziyara, sun riƙe tsibirin daga wajen 1309 zuwa 1522, su suka yi ganuwar da ake gani yau. Rundunar daular Usmaniyya ta Turkawa ta kewaye birnin a 1480 ba ta ci shi ba. A 1522 Sultan Sulaiman ya zo da kansa, aka yi wata shida ana gwabzawa, baraden suka miƙa wuya, suka fice a ranar 1 ga Janairun 1523, daga baya suka zauna a Malta. Turkawa suka yi mulki har 1912, suka bar masallatai da gidajen wanka da famfunan tsakar unguwa. Italiya ta karɓa daga hannunsu, ita ta gyara gine-ginen barade yadda take so a gan su. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a yarjejeniyar 1947, tsibirin ya koma hannun Girka. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Hawa tudu, daga ƙarfe 8

Ka karya kumallo da wuri, ka sauka cikin rukunin farko. Da ka fito ƙofar tasha ganuwa na gabanka. Juya dama, ka bi bakin ruwa, teku a damanka, bango a hagunka. Za ka wuce ƙofa ta farko, wadda ake kira Ƙofar Maryamu, inda akasarin mutane ke tururuwar shiga. Daure ka wuce. Gaba kaɗan sai Ƙofar Teku mai manyan hasumiyoyi biyu masu zagaye, ginin 1478. Ita ma ka wuce ta, ta nan za ka fito daga baya. Ci gaba har ƙananan ƙofofin da ke arewa da ita, ka shiga, ka nemi dandalin gidan tarihi. Daga bakinsa Ippoton ya fara.

In jirginka ya ɗaure a tashar Akandia, wadda ke can gabas, hanyar ɗaya ce, sai dai ka ƙara minti 15 zuwa 20 a kowace tafiya, zuwa da dawowa.

Ippoton bai fi mita 200 ba, miƙaƙƙe ne, babu shago ko ɗaya a kansa. Baraden sun kasu ne bisa harsunansu, kowane rukuni da gidansa a wannan titi: na Faransa, na Italiya, na Sifaniya da sauransu. Ɗaga kai ka dubi saman ƙofofi, za ka ga tambarin shugabanninsu a sassaƙe jikin dutse. Gidan Faransawa ya fi kowanne ado, indararonsa ma siffar kada aka yi musu. A garin nan ne Yarima Jem, ɗan Sultan Muhammadu wanda ya ci Istanbul, ya nemi mafaka a 1482 bayan ɗan'uwansa Bayazidu ya rinjaye shi a rikicin sarauta, baraden kuwa suka mai da shi jarin ciniki tsakaninsu da fadar Usmaniyya. Da ƙarfe 8 da kwata titin kusan wayam yake, kana jin takun ƙafarka. Da ƙarfe 10 sai ka yi ta kauce wa masu bin tutar ɗan jagora.

A ƙarshen titin, hannun dama, fadar shugaban barade take. Gaskiyar magana ita ce yawancin abin da za ka gani a ciki ba na zamanin barade ba ne. A 1856 albarushin da aka ajiye a ƙarƙashin wata majami'a da ke kusa ya fashe, ya rushe mafi yawan ginin. Italiyawa suka sake gina shi a ƙarshen shekarun 1930 don ya zama masaukin sarkinsu da shugaban gwamnatinsu Musolini. Duk da haka shigarta ba asara ba ce, musamman saboda daɓen ɗakunan sama, zane-zanen da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi, waɗanda aka kwaso daga tsibirin Kos. Awa ɗaya ta isa. A tagar tikiti ka tambaya ko an buɗe hanyar tafiya a kan ganuwa a ranar, don 'yan sa'o'i kawai ake buɗe ta. Lokutan buɗe gidajen tarihi a Girka suna sauyawa tsakanin zafi da sanyi, don haka wanda jirginsa zai zo daga Nuwamba zuwa Maris ya duba tun kafin ranar.

Daga fada, kafin ka gangara, ka ba Ƙofar Amboise minti 20. Tana yamma da fadar, an gama ta a 1512, kuma ita ce ke nuna maka dalilin da ya sa birnin ya gagari runduna wata shida. Mai shigowa sai ya haye gada a kan gwalalo, ya ratsa ƙofa, hanya ta karya kwana, ya sake ratsa wata, duk a ƙarƙashin idon masu harbi daga sama. Leƙa cikin gwalalon, za ka ga mulmulallun duwatsun igwa a zube.

Gangarowa

Titin Orfeos mai inuwar bishiyoyi zai kawo ka hasumiyar agogo, wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Ana biya a hau. Matakalar sama ƙunci gare ta, mai ciwon gwiwa ya haƙura, amma daga can ne ake ganin birnin gaba ɗaya har da jirginka. Kusa da ita masallacin Sulaiman yake, mai jan fenti da ƙubbobi, wanda aka kafa bayan cin garin, aka sake gina shi a 1808. Kada ka dogara da shi don salla, ba a buɗe shi kullum ba. Daura da shi akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga, wanda aka kafa a 1793, mai ɗauke da littattafan hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci. Ƙofarsa ba ta da wani ado, mutane da yawa suna wucewa ba su lura ba. In a buɗe yake, shiga tsakar gidan ko da na minti biyar ne.

Sokratous daga nan ya gangara har dandalin Ippokratous mai famfo a tsakiya. Kasuwa ce ta baƙi: fata, zinariya, zuma, soso, man zaitun, tarkacen tsaraba. Ba a taya kaya a nan kamar yadda ake yi a Kurmi. A kan abinci da ƙananan kaya farashin da aka rubuta shi ne, a kan jakar fata ko zinariya kana iya neman ragi cikin ladabi. Ka karɓi rasit ko da yaushe, dokar ƙasar ma ta ce ba dole ne mai saye ya biya ba in ba a ba shi ba. In na'urar biyan kuɗi ko ta ATM ta tambaye ka ko a cire da yuro ko da wani kuɗin, zaɓi yuro, ɗayan zaɓin canjinsa tsada gare shi. Tsarabar da ta fi dacewa da garin ita ce melekouni, alewar riɗi da zuma da ake rabawa a bukukuwan aurensu. Wanda ya san kantu zai gane ta tun daga nesa.

Kada ka bi Sokratous har ƙasa a miƙe. Wajen tsakiyarsa ka karya dama, ka shiga lungunan kudu. Taku hamsin kawai hayaniya ta yanke. Nan ne unguwar da mutane ke zaune: bakuna na dutse da aka gicciya tsakanin gidaje don su tallafi juna lokacin girgizar ƙasa, shanya a taga, kyanwoyi a kan babur. Gidajen mutane ne, a sassauta murya, kada a cusa kyamara ta ƙofar da aka bari a buɗe.

Salla da abinci

A cikin waɗannan lungunan, a dandalin Platonos, masallacin Ibrahim Pasha yake, ginin 1540. Shi ne wanda Musulmin garin, 'yan asalin Turkawa, ke salla a ciki har yau, har da Juma'a. A tsakiyar lokacin zafi azahar na shiga wajen ƙarfe 1 da kwata. Ba kowane lokaci ƙofar ke buɗe ba, saboda haka ka fito da alwalarka, ka kuma tuna kai matafiyi ne, kana da sauƙin kasaru. Abu ɗaya da ke rikita wanda ya saba fuskantar gabas: daga Rodos alƙibla kudu maso gabas take. Banɗakunan gidajen abinci ba su da buta, ƙaramar gorar ruwa a jaka ita ce madadin. Takarda kuma a kwandon gefe ake jefa ta, bututunsu sirara ne, toshewa suke yi.

Wajen cin abinci sai an buɗe ido. Naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa, gyros, da tsiren da suke kira souvlaki, in ba a faɗi wani abu ba to na alade ne. Kalmomi uku za su yi maka aiki: hirino alade, kotopoulo kaza, arni rago. Ko kazar ma sau da yawa a kan abin gashi ɗaya ake gasa ta da sauran, kuma ba yankan Musulmi ba ne sai an rubuta. Mai son kwanciyar rai ya tsaya kan kifi da ganye, kuma garin bai gaza a nan ba. Akwai pitaroudia, wani soyayyen ƙullun wake da albasa da na'ana'a, ɗan'uwan ƙosai. Akwai salak ɗin tumatir da kokwamba da cuku, da gasasshen kifi. Wasu miyar da naman tukunya da giya ake dafa su, sai ka tambaya.

Gidajen abincin da ke kan manyan dandali, inda wani ke tsaye da takarda yana kiran masu wucewa, su ne suka fi tsada, kuma a nan ake samun ƙorafi. Dabarar da aka fi yi ita ce ta girma: ka ce a kawo lemo, a kawo maka kofi mai cin lita guda, da kuɗinsa. Ka nuna abin da kake so a takardar farashi, ka ce ƙarami. Kifi sabo da kilo ake sayar da shi, farashin da ka gani ba na faranti ba ne, don haka a auna a gabanka a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Burodin da aka ajiye maka ba ka nema ba shi ma yana cikin lissafi. Ma'aikaci ba ya kawo takardar kuɗi sai ka nema, wannan ɗabi'arsu ce ta rashin korar baƙo, amma ga mai kallon agogo tana iya cin minti 20. Nemi ta tun kana kan cin na ƙarshe.

Bayan azahar

Daga ƙarfe 1 zuwa 4 rana ba ta da sauƙi, lokacin shiga inuwa ne. Gidan tarihin da ka wuce da safe shi ne wurin. Asalinsa asibitin barade ne, an fara gina shi a 1440 aka gama a 1489, kuma babban ɗakin majinyata da ke sama ya isa dalilin shiga ko da ba ka damu da gumakan marmara ba. Bangonsa kauri gare shi, ciki da sanyi, bayansa kuma akwai lambu da wurin zama.

Wanda ya fi son unguwa ya nufi gabas, dandalin da ke da famfo mai siffar dawakin ruwa. Nan ce tsohuwar unguwar Yahudawa, waɗanda 'yan Nazi suka kwashe a Yulin 1944, kaɗan ne suka dawo. Wurin ibadarsu na Kahal Shalom, na 1577, shi ne mafi tsufa da ya rage a Girka. Ba a buɗe shi ga baƙi ranar Asabar.

In da sauran ƙarfi da lokaci, fita ta ƙofar arewa zuwa tashar Mandraki, minti goma daga ganuwa. A bakinta akwai ginshiƙai biyu da barewar tagulla a kan kowanne, da injinan niƙa uku masu aiki da iska, da ƙaramar kagara a ƙarshen gaɓa. Za a ce maka a nan ne ƙaton gunkin Rodos, ɗaya daga abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya, ya tsaya da ƙafa ɗaya a kowane gefe jirage na wucewa ta ƙarƙashinsa. Gunkin kam an yi shi, tsawonsa wajen mita 33, girgizar ƙasa ta kayar da shi wajen shekara ta 226 kafin haihuwar Annabi Isa, amma zancen buɗe ƙafa ƙari ne na mutanen baya. Tafiya cikin gwalalon ganuwa kuwa, duk da daɗinta, ba ta tsakar rana ba ce: ta haura kilomita 2, inuwa kaɗan, mafita kaɗan, babu mai sayar da ruwa.

Lindos, garin fararen gidaje da ake gani a hotuna, yana da nisan kusan kilomita 50, fiye da awa ɗaya a bas kowace tafiya. Ba a haɗa shi da zagayen birni a yini ɗaya a ji daɗin ko ɗaya. Wanda ya nace sai ya je, wannan ne wurin da yawon da jirgi ya shirya ke da amfani, domin jirgi na jiran motarsa in ta makara, ba ya jiran wanda ya tafi da kansa.

Ka sa wa kanka ƙa'ida: awa ɗaya kafin rufe shiga kana cikin ganuwa ta gefen teku, minti 30 kafin lokacin kana ƙofar tasha. Daga Ippokratous ta Ƙofar Teku minti 10 zuwa 15 ne, daga Mandraki ka lissafa 25. Kada ka sa ran tasi zai cece ka, motoci ba sa yawo a cikin tsohon birni yadda suka ga dama, sai ka fito wajen ganuwa kafin ka samu. A ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu, layin binciken kaya a ƙofar tasha shi kaɗai kan ci kwata. In duk da haka ka ga ba za ka kai ba, kira wakilin jirgi tun kana hanya, kada ka bari sai ka iso. Idan fasfonka na hannun jirgi, wurin wakilin ake barin shi, kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba kuma daga aljihunka zai fito. Lambar agajin gaggawa a Girka 112 ce, kantin magani kuma koren gicciye ne alamarsa.